Daga Kano Zuwa Kwala Lumfur: Tafiyar Kwana Nawa Ce?

Daren da zan bar Kano zuwa ƙasar Malesiya domin karatun digirin digirgir, cikin watan Satumba na 2012, na shiga zauren mahaifina bayan sallar isha'i in yi masa sallama. Na tarar da shi a kan buzunsa, yana duba wani littafi da ya girme ni. Da na durƙusa na gaishe shi, sai ya rufe littafin, ya zare tabarau, ya ce, "Shi wannan gari da za ka, tafiyar kwana nawa ce?"

Na yi murmushi irin na ɗan boko da aka yi wa tambaya a fagensa. A lokacin na shekara shida ina koyar da labarin ƙasa a jami'a, auna nisa kuwa shi ne sana'ata. Na ce, "Baba, ai yanzu nesa ta zo kusa. In na tashi gobe da rana, jibi da daddare ina can." Ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To, mu yafi juna." Ni kuwa sai na ji maganar ta yi mini nauyi, na yi maza na kawar da ita da raha. Na ce, "Haba Baba, sai ka ce mai tafiya Makka a ƙasa? Duk shekara zan zo hutu. In ma wani abu ya taso, kwana ɗaya ina gida." Bai ja maganar ba. Ya sa mini albarka, ya mayar da tabarau, ya koma kan littafinsa.

Bari in fara ba mai karatu amsar da ilimina ya tanada, domin amsa ce mai kyau, ba ƙarya a cikinta. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, digiri 8 da rabi kuma gabas da layin Girinwic. Kwala Lumfur tana kan digiri 3 arewa, digiri 101 da 'yan kai gabas. In ka ɗauki ƙwallon taswirar duniya, ka danne bakin zare a kan Kano, ka ja shi ya miƙe har Kwala Lumfur, tsawon zaren nan a doron ƙasa ya kai kimanin kilomita 10,300. Kewayen duniya baki ɗaya kilomita 40,000 ne da ɗoriya kaɗan. Ke nan tsakanin garuruwan biyu akwai rubu'in duniya har da 'yar gyara. Jirgin fasinja na zamani yana cin kimanin kilomita 900 a awa, don haka da zai tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya bi zaren nan bai ya da zango ba, awa 12 zuwa 13 za ta ishe shi.

Na ce ƙwallo, ban ce shimfiɗaɗɗiyar taswirar da ake rataye wa a bangon aji ba, domin ita wannan tana ruɗin ido. Kamar ɓawon lemo ce da aka ɓare aka danne a kan tebur, dole wani wuri ya yage, wani ya buɗe fiye da ƙima. Shi ya sa hanyar jirgin da ya tashi daga Landan zuwa yammacin Amurka take fitowa a lanƙwashe, kamar matuƙin ya yi makuwa ya nufi ƙasar ƙanƙara, alhali ita ce mafi gajarta. Tsakanin Kano da Kwala Lumfur lanƙwasar ba ta da yawa, tunda dukansu ba su yi nisa da ƙugun duniya ba.

Ku biyo ni mu bi zaren. Daga Kano ya nufi gabas sak, ya ratsa Jigawa da Yobe da Borno, ya shafi kan Kamaru, ya wuce dab da Njamena, ya keta Chadi ya shiga Darfur. Ya haye kogin Nilu, ya hau tsaunukan Habasha ta wajen tafkin Tana, ya gangara Jibuti, ya bi ta ƙahon Somaliya. Daga nan ƙasa ta ƙare. Sai ruwa, kimanin kilomita 3,000 na Tekun Indiya, in ban da 'yan tsibirai nan da can, har a gifta ta ƙarƙashin wutsiyar Indiya a ratsa Siri Lanka. Sai wani ruwan kuma har arewacin tsibirin Sumatara, a tsallake mashigin Malaka, a sauka.

Farkon wannan zare ba baƙuwar hanya ba ce ga Bahaushe. Kusan ita ce wadda alhazan ƙafa suka yi ƙarnoni suna bi: Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Kakana na wajen uba ya bi ta tun kafin a haifi mahaifina. Shekara bakwai ya yi tsakanin tafiya da dawowa, yana tafe yana tsayawa, ya yi ƙodago a gonar wani a nan, ya yi ɗinkin hula a can, har ya tara guzurin zango na gaba. Da ya dawo ya tarar mahaifiyarsa ta shekara uku a ƙasa. Da yawa daga abokan tafiyarsa ma ba su dawo ba. Wasu hanya ta cinye su, wasu suka zauna a Sudan, inda jikokinsu suke jin Hausa har yau. Mai niyyar irin wannan tafiya ba ya fita sai ya biya bashi, ya mayar da ajiya, ya bi dangi da maƙwabta gida-gida yana neman gafara. Ba su san digiri ba, amma sun san nisa, don da tafin ƙafarsu suka auna shi. A irin wannan gida aka reni mahaifina, daga can ya ɗauko tambayarsa.

To, shi dai zaren nan nawa babu jirgin fasinjan da yake bin sa daga farko zuwa ƙarshe. Ba gazawar inji ba ce. Yau akwai jirgin da yake tashi daga Singafo ya sauka a Niyok bai tsaya ko'ina ba, fiye da kilomita 15,000, wajen awa 18 a sama. Magana ce ta kasuwa. Jirgi ɗan'uwan motar haya ne a tasha, ba ya zuwa inda ba zai cika ba. Ɗaliban da 'yan kasuwar da suke zirga-zirga tsakanin Kano da Malesiya ba su isa su cika kujera ɗari uku a kai a kai ba, saboda haka sai a kwashe mu zuwa wani babban zango, a gauraya mu da matafiyan wasu garuruwa, a sake zuba mu a wani jirgin. Fataken da sun san wannan tsari, su ma sai ayari ya haɗu madugu yake ba da umarnin tashi. Tafiyata ta farko ta Alƙahira na bi, jirgin kuma ya ɗan tsaya a Bankok, jimilla kimanin kilomita 11,600. Wanda ya bi ta Legas da Dubai zai ci wajen 12,300. Addis Ababa ce ta fi kusa da zaren, ratsen da ake yi a kai ta bai taka kara ya karya ba.

Abin da yake ɗan sosa mini rai a nan shi ne, Kano ma ta taɓa zama irin wannan zango. A 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a 1936 kuma aka fara jigila ta yau da kullum tsakaninta da Khartum. Shekaru da dama bayan nan, jiragen da suke tafiya daga Turai zuwa kudancin Afirka sai sun sauka Kano sun sha mai, domin numfashinsu bai isa ya kai su ba tsayawa ba. Da aka ƙera masu dogon numfashi sai suka riƙa wuce mu ta sama. Kamfanin KLM na ƙasar Holan, wanda ya shafe fiye da shekara sittin yana sauka a Kano, a shekarar da na tafi ya tattara ya bar ta. Ci gaban da ya kusantar da wasu garuruwa da juna shi ne ya ɗan tura namu gefe.

Abin da mai sauka a Kwala Lumfur yake fara gani ta taga shi ne kore, kore mai layi-layi kamar an yi wa ƙasa kitso. Filin jirgin yana Sefang, kimanin kilomita 50 kudu da birnin, an buɗe shi a 1998 a tsakiyar gonakin kwakwar manja. Mu 'yan Najeriya muna da wani labari da muke jin daɗin maimaitawa, wai bayan samun 'yancin kai ne mutanen Malesiya suka zo suka ɗebi irin kwakwar nan a wurinmu, suka je suka fi mu. Gaskiyar da take ciki ita ce bishiyar 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. Amma ta riga 'yancin kanmu tsallake teku da fiye da shekara ɗari. A 1848 Turawan Holan suka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Jawa, a 1917 kuma aka kafa gonar kasuwanci ta farko a jihar Selango. Ina ganin labarin yana mana daɗi ne don yana sa mu ji kamar ƙwace aka yi mana, alhali sakaci muka yi.

Shi kansa birnin yaro ne ɗanye in aka jera shi da Kano. Ma'anar sunansa mahaɗar ruwa mai taɓo, wato inda kogin Gombak ya haɗu da na Kilang, wurin da tsohon masallacin Jamek yake tsaye tun 1909. Wajen 1857 masu haƙar kuza suka kafa bukkokinsu a nan. Lokacin da Baturen nan Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya tarar da ganuwa da kasuwar Kurmi da marina, Kwala Lumfur daji ce da fadama. Yau tagwayen benayen Petronas, masu tsawon mita 452, suna tsaye ba nisa da wannan taɓo. Ranar da na fara tsayawa a gindinsu na ɗaga kai har hulata ta faɗi, na kuma yi tunanin da kowane ɗan Najeriya yake yi a wurin, wanda ba sai na faɗa ba.

Ga zafi mai ɗanko, irin wanda kake fitowa daga wanka kana neman wani wankan. Ga ruwan sama da yake sauka da la'asar kamar da alkawari. Ga shinkafa safe da rana da dare. Duk waɗannan sun tuna mini na yi nisa da gida. Amma kunnena ya riƙa tsintar abin da ya saba. In za su gaishe ka sai su tambayi "khabar", wato labari. Suna cewa "dunia", suna cewa "waktu" a inda muke cewa lokaci, ranakunsu akwai "Khamis" da "Jumaat" da "Sabtu". Larabci ya bi jiragen ruwan 'yan kasuwa ya je musu, kamar yadda ya bi raƙuma ya zo mana, sai ga shi mun haɗu a tsakiya ba mu taɓa ganin juna ba.

Abu ɗaya ne ya juya mini kai a daren farko. Na yi alwala a masauki, na tsaya ina neman gabas, sai na ga 'yar kibiya a jikin silin an rubuta "kiblat", tana nuna mafaɗar rana. A Hausa gabas da alƙibla kalma ɗaya ce a bakin mutane. Mukan ce wane yana kallon gabas, muna nufin yana salla. To ga ni a ƙasar da mai salla yamma yake kallo. Makka tana kimanin kilomita 3,500 daga Kano, tana kuma kimanin 7,000 daga Kwala Lumfur ta ɗaya ɓangaren. Na daɗe ina jin daɗin tunanin cewa in na tsaya salla a can, mahaifina ya tsaya a zaurensa, fuskantar juna muke yi, Ka'aba tana tsakani.

Sai dai ba mu cika tsayawa a lokaci ɗaya ba, kuma a nan ne nisa ya fara nuna mini haƙoransa. Agogon Malesiya yana gaban na Najeriya da awa bakwai. A lissafin rana bambancin bai kai haka ba: kowane digiri minti huɗu ne, digiri 93 kuwa awa shida ce da minti 12. Ragowar aikin hukuma ne, domin a farkon 1982 aka tura agogon yammacin ƙasar gaba da rabin awa don ya dace da na jihohinsu da ke tsibirin Borniyo. Shi ya sa gari ba ya wayewa sosai sai wajen ƙarfe bakwai, azahar sai bayan ƙarfe ɗaya, magariba sai bakwai ta gota. Lokacin da mahaifina yake samun sukuni, wato bayan isha'i, ni ƙarfe uku ko huɗu ne na dare a wurina. Ga shi shi ba mai son waya ba ne, yana riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije shi. Muka tsayar da Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙarfe goma na dare a wurina. Hirar ba ta wuce minti uku: lafiya, karatu, iyali, Allah ya yi albarka.

Ranar 8 ga Maris, 2014, jirgin saman Malesiya mai lamba MH370 ya tashi daga filin nan na Sefang zuwa Bejin da mutum 239, ya ɓace. Mahaifiyata ta ji a rediyo, ta sa aka kira ni. Na yi ta yi mata bayani cewa ni ina gida lafiya, kuma jirgin Sin ya nufa, ba hanyarmu ba ce. Daga baya bincike ya koma kudancin Tekun Indiya. Ƙasashe masu tauraron ɗan'adam da jiragen ruwa na zamani suka yi shekaru suna lalube ba su gano gangar jikinsa ba, sai 'yan ɓaraguzai da igiyar ruwa ta kai tsibirin Riyuniyan da gaɓar gabashin Afirka. Ni da nake ratsa gefen tekun nan ina barci da bargo a ƙafa, sai a lokacin na fara jin girmansa a jikina.

Alkawarin zuwa hutu duk shekara kuwa sau ɗaya na cika shi, a ƙarshen 2013. Iyalina sun biyo ni, mun zama mu huɗu, kuɗin tikitin mutum huɗu kuwa ya fi ƙarfin guzurin ɗalibi. Wannan fa a lokacin da dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba. A 2024 ta haura naira 1,500. Ƙannenmu da suke karatu a can yanzu, Kwala Lumfur ta ninka nisa a wurinsu sau bakwai ko fi, ba tare da ta gusa ko taku ɗaya ba. Babu taswirar da take nuna wannan. A zuwan nan nawa guda ma, ranar komawa a tsaye na yi sallama, mota tana jira a waje, ina duba agogo.

Wata Talata cikin watan Afrilu na 2015, ina ɗakin karatu wajen ƙarfe ɗaya na rana, wayata ta yi motsi. Ƙanena ne. Tun kafin in ɗauka gabana ya faɗi, domin lissafin awa bakwai ya riga ya zama mini jiki: ƙarfe shida na safe ne a Kano, ba lokacin kiran gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika bayan sallar asuba. Ƙarfe goma sha ɗaya za a yi jana'iza."

Awa biyar ke nan. Ko da jirgi yana jirana a ƙofar ɗakin karatun da injinsa a kunne, ko da zai bi zaren nan nawa sak, awa biyar ba za ta kai ni ko gaɓar Somaliya ba. Ina tsakiyar teku za a sa shi a makwancinsa. Ban ce a jira ni ba, ba kuma wanda ya tambaye ni. Gaggauta suturta mamaci shi ne abin da aka hore mu da shi, na kuma san abin da shi kansa zai ce da za a tambaye shi.

Kafin la'asar 'yan'uwa ɗalibai sun cika gidana. Suka yi karo-karo, wani ya zauna gaban kwamfuta yana neman kujera, har aka samu guda a jirgin da zai tashi bayan tsakar dare zuwa Dubai, daga can zuwa Legas. Da magariba na fita ƙaramin masallacin unguwarmu. Wani dattijo maƙwabcina, ɗan ƙasar, wanda shekara biyu ba abin da ya haɗa mu sai sallama da murmushi, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Takziah." Ban nemi tafinta ba. Ya je ya yi wa liman raɗa. Bayan an idar da salla liman ya juyo ya tambaye ni sunan mahaifina, ya sanar da jama'a za a yi masa sallar ga'ib.

Mutanen Malesiya mazhabar Shafi'iyya suke bi, yi wa mamacin da ke nesa salla kuwa abu ne da suka saba. Mu a Malikiyya ba a saba ba; malamanmu suna ganin wadda Manzon Allah (SAW) ya yi wa Najjashi sarkin Habasha keɓantacciya ce. Mahaifina da kansa ya karantar da ni haka, a zauren nan, a kan buzun nan. Na tuna, amma ban tsaya tantance hujja ba. Na shiga sahu. Mutum wajen ashirin ne, 'yan ƙasa da 'yan Indunusiya da wasu leburori biyu 'yan Bangaladash da kayan aikinsu a jiki. Kabbara huɗu, ba makara a gabanmu, sai bango. Daga baya, da hankalina ya dawo, halin malamin taswira ya motsa na yi lissafi: daga Kwala Lumfur, tsakanin fuskar Makka da fuskar Kano digiri goma ne kacal. Ashe kusan gida muke kallo. A daidai lokacin kuwa ƙarfe goma sha biyu ta ɗan gota a Kano, masu rakiya suna dawowa daga maƙabarta.

Awa bakwai zuwa Dubai. Awa biyar a ɗakin jira, tsakanin kantunan turare da agoguna masu ƙyalli, ina zaune da ƙaramar jaka. Awa takwas zuwa Legas. A bayan kowace kujera akwai ɗan allo da yake nuna taswira da hoton jirgin yana rarrafe a kai, yana faɗin tsayi da gudu da kilomitan da suka rage. A da ina son allon nan ƙwarai, nakan ma ɗauki hotonsa in nuna wa ɗalibai. Ran nan na ƙura masa ido tun daga Bahar Maliya. Muka ratsa Sudan, muka ratsa Chadi, ƙasar da kakana ya taka da ƙafa tana wucewa a ƙarƙashina cikin 'yan awoyi, ina rufe da bargo. Muka shigo Najeriya ta wajen Borno. Can sai ga sunan Kano ya fito a allon, ta hannun dama, kusa da fiffiken ɗan hoton jirgin, har ina iya rufe su biyun da kan yatsa ɗaya. Na leƙa taga, ba komai sai ƙura da hazo. Sunan ya riƙa ja da baya a hankali har ya fice daga allon. Jirgin ya ci gaba da tafiyarsa kudu, domin can kasuwarsa take.

Kafin in gama da jami'an shige da fice in ƙarasa ɓangaren jiragen cikin gida, jirgin Kano na ƙarshe ya tashi. Na kwana a Legas, kilomita 830 daga gida, a wani ɗakin haya da fanka take kuka. A daren nan ne na fahimci tambayar mahaifina. Ba gudun jirgi ya tambaye ni ba. So yake ya san ko garin yana cikin da'irar da za a iya kiran mutum ya zo a kan lokaci, ko yana wajenta. A wurin Musulmin da ake binnewa kafin rana ta take, faɗin wannan da'ira bai wuce tafiyar 'yan awoyi ba. Kaduna tana ciki, Abuja tana bakin iyaka. Duk abin da ya wuce nan, ko Alƙahira ce ko Kwala Lumfur, hukuncinsa ɗaya da Makkar kakana. Jirgi ya rage mana kwanakin tafiya, wannan ba musu, ba kuma ina cewa kada a tafi neman ilimi ba, da za a sake ba ni zaɓi zan sake tafiya. Abin da nake zargin jirgi da shi shi ne ya sa mun yar da ladabin rabuwa. Muna fita rubu'in duniya da irin sallamar da ake yi wa mai zuwa Wudil cin kasuwa. Tsohon da bai taɓa ganin ƙwallon taswira ba ya ba ni dama in yi bankwana irin na mai nisan tafiya, na mayar da ita wasa.

Ranar Alhamis da hantsi na sauka Kano, cikin zafin bazara mai ƙona fuska. Daga kiran wayar ƙanena zuwa lokacin da na sa ƙafa a ƙofar gidanmu awa 52 ce. A cikinsu awa 16 da rabi kawai na yi a sama. Sauran duk jira ne. Na tarar da rumfa da tabarmi a ƙofar gida, ana zaman kwana uku. Na shiga wurin mahaifiyata, ba ta ce komai ba sai, "Ka iso? Sannu da hanya." Ƙanena ya kai ni maƙabarta ya nuna mini. Ƙasar ta riga ta bushe, an kafa 'yar alama da fasasshiyar tukunya. Na durƙusa na faɗi abin da ya kamata in faɗa a zaure shekara biyu da rabi kafin nan.

Da muka dawo na zauna a kan tabarma cikin 'yan'uwa ina karɓar gaisuwa. Wani tsoho, abokin karatun mahaifina tun suna yara, aka riƙo hannunsa aka zaunar da shi kusa da ni. Ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Sannan ya dafa gwiwata ya ce, "Kai ne na ƙasar waje ko? Yaya sunan garin ma?" Na faɗa masa. Ya gwada maimaitawa bai iya ba, ya yi dariya kaɗan. Ya ce, "Tafiyar kwana nawa ce?"

Na ce, "Kwana biyu da 'yan awoyi, Baba."

Ya ce, "A'a, ashe ma kusa ne. Kakanka shekara bakwai ya yi." Sai ga wasu masu ta'aziyya sun yi sallama, ya juya yana amsa musu.